Awa Uku a Agogon Gwaggo

"Miƙo hannun mana, Baba, ai ba yanke shi zan yi ba," in ji Auta, tana bin sa da agogo a tsakiyar falo, shi kuma yana noƙewa kamar yaron da aka kawo allura.

Da albashinta na farko ta saya masa agogon, yau shekara guda ke nan, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaura shi ba. Yana nan cikin kwalinsa a ƙasan akwati. Hujjarsa ita ce mutumin da ke wuni cikin giris da baƙin mai ba ruwansa da abu mai sheƙi, kuma ma yana da nasa agogon a wurin aiki, wanda a cewarsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"Ɗaura masa," matarsa ta ce daga ƙofar kicin, tana zuba shayi a fulas. "Ko korarsa za su yi, su kore shi da kwalliyarsa."

"Kin ji ko? Kin ji irin addu'ar da uwarki take yi mini da sassafe?"

Suka kwashe da dariya su biyun. Shi ma ya yi, amma tasa iyakarta leɓe, don kwana uku ke nan abinci ba ya yi masa daɗi.

Mai Gwaggo ake ce masa a wurin aiki da cikin unguwa, har wasu sun manta yana da wani suna. Gwaggo kuwa tsohuwar katafila ce mai haƙa, wadda ya shekara ashirin da biyu a kan kujerarta. Ranar da kamfani ya sayo ta, shi aka miƙa wa makulli, kuma tun daga ranar ko bakanike sai ya nemi izininsa kafin ya taɓa ta. Ya san tarinta, ya san nishinta, ya san ranar da ta tashi da fushi. Ya kuma san cikinta: lita goma sha takwas na dizal take sha a awa, ba ƙari ba ragi. Ya sha faɗin haka a gaban jama'a yana hura hanci, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

To sai ga sabuwar injiniya ta zo, ta raba man da aka zuba wa kowane inji da awoyin da ya yi aiki. Na kowa ya fita daidai ban da na Gwaggo. Wata biyar tana hawa, daga sha takwas zuwa ashirin, zuwa ashirin da biyu, yanzu ta tsaya a ashirin da huɗu. Lita shida ke nan suke ɓacewa a kowace awa. Ba wanda ya kalli idonsa ya ce masa ɓarawo. Sai dai idan ya shigo wurin cin abinci hira takan mutu, kuma da kunnensa ya ji maigadi yana tambayar wani, wai me mutum yake yi shi kaɗai a ramin burji har ƙarfe shida, alhali kowa ya tashi tun huɗu.

Wannan tambayar a gida ma kullum sai an yi masa ita. Da can huɗu da rabi yana gida. Yanzu abinci sai ya huce, matarsa ta ɗumama, ya sake hucewa, sannan a ji sallamarsa. Ta zargi majalisar abokai, ta zargi mai shayin bakin hanya, har wata rana ta shinshina rigarsa, ba ta ji komai ba sai dizal. Shi kuma ya yi ta rantsuwa cewa dokar kamfani yake bi: kowane inji awa shida a rana, da zarar agogon Gwaggo ya cika shida yake kashe ta ya kamo hanya. Idan kuwa rana ta yi ƙasa agogon bai cika ba, to a wurinsa ranar ce ta yi gaggawa.

Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. A ransa ya yanke cewa tsufa ne ya zo. Yana zaton idan ya zauna hutun rana a inuwar Gwaggo barci ne yake sace shi bai sani ba, shi ya sa yini yake ƙarewa aiki bai cika ba. Abin yana ba shi tsoro, yana kuma ba shi kunya.

"Wai yaya za a yi gwajin da aka ce yau za a yi wa Gwaggo?" Auta ta tambaya, bayan ta samu ta danne hannun ta ɗaura agogon.

"A cika mata tanki, a sa kwaɗo, na yi aikin awa uku, a sake cikawa a ga abin da ta sha. In ta sha sha takwas a awa da kwaɗo a kanta, to ni ne nake shanye shidan. In kuma ta sha ashirin da huɗu, na fita daga zargi, amma an tabbatar ta tsufa, sai a kai ta wurin masu yanka ƙarfe."

"To kai wanne kake roƙo?" in ji matarsa.

Ya sunkuyar da kai yana juya kofi.

"Ni dai na san wanda nake roƙo," ta ce. Muryarta ta sauka. "Ƙarfe ƙarfe ne, Baban Auta. Sunanka kuwa shi muke yawo da shi ni da 'ya'yanka."

Auta ta ga fuskokin sun yi nauyi, sai ta kawo wata maganar. A filin jirgin sama take aiki, ita ce take lissafa man da za a zuba wa jirgi kafin ya tashi, kuma ba abin da take so kamar tsokanar mahaifinta da shi.

"Kan lita shida ake wannan tashin hankali? Jirginmu na ƙarfe goma kusan lita dubu uku yake sha a awa, ba wanda ya taɓa ce masa tsoho."

"Dubu uku! Abincin Gwaggo na wata guda ke nan. Ai ku ya kamata a sa wa kwaɗo."

"In ya wuce ta kanku dai ka ɗaga mini hannu. Goma daidai yake tashi. Tun da na karɓi teburin nan ko minti biyu bai taɓa ƙarawa ba." Ta gyara masa zaman agogon. "Kuma kada ka cire. Matuƙanmu ma, duk na'urorin da ke gabansu, kowa da nasa a hannu."

A motar ma'aikata ya ja hannun riga ya rufe agogon, amma a banza. Yana sauka Sufana ya hango agogon. Sufana shi ne babban bakaniken kamfanin, gajere mai tumbi, abokin faɗansa na shekara ashirin.

"A'a! Jama'a ku zo ku gani! Ango ne ko shaida za a bayar a kotu?"

"Rufe mini baki. Ka duba mata ruwa?"

"Na duba ruwa, na duba mai, na share mata fuska. Saura turare." Sai ya matso ya rage murya. "Na buɗe cikinta sau uku a watan nan, wallahi ban ga inda take zubarwa ba. Hayaƙinta ma tas. Ni abin ya fi ƙarfin kaina."

Ramin burjin yana can ƙarshen filin kamfani, tafiyar minti goma sha biyar daga ofis. Gwaggo tana tsaye a bakinsa, fentinta ya koɗe, bokitinta a ƙasa. Injiniya ta riga su zuwa tare da mai tankar mai. Ba za ta wuce sa'ar yayar Auta ba, hular kwanonta ta yi mata yawa, kuma tun da aka fara maganar nan ba ta iya haɗa ido da shi.

"Ina kwana, Baba. Ka yi haƙuri, ba a son raina ba ne. Lamba ce ta kawo mu nan."

"Yi aikinki, 'yata."

Aka cika tanki har mai ya taɓo baki. Ta rufe, ta sa kwaɗo, ta jefa makullin a aljihu. Ta hau ta leƙa agogon awa, wani ɗan gilashi da bai fi faɗin kwalin ashana ba, mai lambobi suna juyawa a ciki, ta rubuta lambar da ta gani. Ta duba wayarta ta rubuta ƙarfe takwas a saman takarda, don haka aka koya mata a makaranta.

"In agogon inji ya cika awa uku ka danna hon sau uku, Baba. Ina ofis, muna da taro. Maigadi zai zauna a nan."

Maigadin nan dai mai tambaya aka zaɓa. Ya kafa kujerarsa a ƙarƙashin bishiya, ya rungume rediyonsa, ya gaishe da Mai Gwaggo da ladabin da ya yi yawa.

Mai Gwaggo ya miƙa wayarsa ga Injiniya kamar yadda doka ta ce, ya hau, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Gwaggo ta yi tari sau biyu ta kama.

Duk damuwar da ya zo da ita, da ya ji kujerar tana rawa a ƙarƙashinsa sai da ƙirjinsa ya ɗan saki. Ba ya gaggawa a aiki, kuma ba ya tsayawa. Bokiti ya sauka, ya ciji ƙasa, ya ɗago cike, jikin ya juya, burji ya zube a kan tsibi, a dawo. Matasan direbobi sukan taka inji ya yi ta ihu don a san suna aiki. Shi kuwa a hankali yake lallaɓa ta, yana yi mata magana kamar yadda ya saba.

"To, Gwaggo, yau ni da ke ne. Ban ce ki yi ƙarya don ni ba, ban kuma ce ki kashe kanki ba. Ki dai ci abin da kika saba."

Agogon hannun ya dame shi. Duk juyawar da zai yi sai rana ta haska shi ya ɗauke masa ido. A haka ya lura ya nuna ƙarfe tara. Ya kai ido kan na Gwaggo don ya ga awa ta farko ta cika, sai ya ga saura kwata.

Ya yi tsaki. "An cuci yarinyar nan," ya ce. "Sun ga 'yar filin jirgi, sun sayar mata da agogo mai gudu." Har ya fara shirya yadda zai faɗa mata ba tare da ranta ya ɓaci ba. Ko kusa bai kawo wa ransa wani abu daban ba. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce.

Ya ci gaba da haƙa. Tsibin burji ya yi tsawo, maigadi ya ja kujerarsa yana bin inuwa. Can sai ya ji rugugin da ya saba ji kullum, wanda yake ratsa har ƙarar Gwaggo. Jirgin Auta ne ya taso daga bayan bishiyoyi, farin cikinsa yana walƙiya. Ya zuro hannun hagu ta taga ya ɗaga mata kamar yadda ta ce, ko da yake ya san tana can ofis ba ta ganin sa. Hannun yana sama idonsa ya sauka a kan agogon. Ƙarfe goma da minti ɗaya.

Ya dawo da hannun a hankali. Ya dubi jirgin, ya dubi agogon, sannan ya sunkuya ya goge ɗan gilashin Gwaggo da babban yatsa. Awa ɗaya da rabi.

Daga takwas zuwa goma awa biyu ne, ko ɗan firamare ya san wannan. Agogo zai iya yin gudu, amma ba zai haɗa baki da jirgin sama ba.

Bokiti ya tsaya a sama cike da burji. Bai yi makaranta mai nisa ba, amma lissafin mai da awa a jininsa yake. In Gwaggo tana rubuta awa ɗaya da rabi a inda aka yi biyu, to shidanta takwas ne. Takwas. Ga awa biyun da matarsa take nema wata biyar. Ga inda lita shida suke tafiya: cikin ƙasar nan da yake haƙa, a awoyin da ba wanda ya rubuta.

Abin da ya fara zuwa masa ba maganar mai ba ce. "Ashe ba barci nake yi ba!" ya faɗa da ƙarfi. Dariya ta kama shi har hawaye, yana dukan cinyarsa. Maigadi ya miƙe tsaye yana leƙe, yana zaton tsohon ya zautu.

Da dariyar ta lafa sai ya ɗora tafin hannu a kan ɗan gilashin. Bai ji haushinta ba, tausayi ma ta ba shi.

"Haba, Gwaggo. Ke ma kin gaji ba ki faɗa ba?"

Ya so ya danna hon a lokacin, amma ya fasa. An ce awa uku a agogon inji, to sai ya cika uku, kada wani ya ce an yi gwaji rabi. Ya sauke bokitin ya ci gaba, yana waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ya yi wata biyar bai yi ba.

Lamba ta juya ta cika uku daidai lokacin da agogon hannunsa ya nuna sha biyu. Ya kashe inji ya danna hon sau uku.

Ba Injiniya da mai tanka kaɗai suka zo ba. Direbobin tifa, masu walda, har mai share ofis, kowa ya samu dalilin da ya kawo shi ramin burji. Injiniya ta duba kwaɗo, ta nuna wa jama'a yana nan yadda ta bar shi, ta buɗe. Mai tanka ya zura tiyo, ido ya koma kan mitarsa. Hamsin ya wuce. Hamsin da huɗu, wato sha takwas sau uku, shi ma ya wuce, Sufana ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sittin, saba'in. A saba'in da biyu mai ya taɓo baki.

"Saba'in da biyu a awa uku," in ji Injiniya. "Ashirin da huɗu." A karon farko ta dube shi ido cikin ido, fuskarta cike da fara'a. "Baba, kwaɗona a kai ta sha wannan. Kowa ya gani. Ba ruwanka."

Wuri ya kaure da tafi. Waɗanda hirarsu take mutuwa in ya shigo su suka fi kowa ɗaga murya, wai su dama sun sani. Maigadi ya kama hannunsa da hannu biyu yana ta girgizawa.

"Sai dai Gwaggo," Injiniya ta ci gaba, muryarta ta yi sanyi. "Injin da ke shan haka kamfani ba zai riƙe shi ba. Zan rubuta yau."

Tafin ya mutu. Sufana ya juya baya yana goge hannu da tsumma, alhali hannun ba datti.

Mai Gwaggo ya gyara tsayuwa. Ya naɗe hannun rigarsa a hankali har agogon ya fito fili, don shi ma yana son ɗan wasan kwaikwayo in dama ta samu.

"'Yata, ƙarfe nawa kika sa kwaɗon nan?"

Ta duba takarda. "Takwas."

"Ƙarfe nawa na danna hon?"

"Ban duba ba, muna cikin taro."

"Sha biyu daidai!" in ji maigadi, yana ɗaga rediyonsa, don yanzu ba abin da yake so kamar ya yi amfani. "Ana fara labaran sha biyu ya danna, har ban ji kanun farko ba."

"To daga takwas zuwa sha biyu, awa nawa ne a makarantarku?"

Injiniya ta ƙirga da yatsu. Ta dubi takardar, ta dubi Gwaggo. "Ka tsaya a tsakani? Ko na minti kaɗan?"

"Ko ruwa bai sauka ya sha ba," in ji maigadi. "Idona a kansa yake."

"Wannan kam na yarda," in ji Mai Gwaggo. Jama'a suka fashe da dariya, maigadi ya sunkuyar da kai yana murmushin kunya.

Leɓunan Injiniya suna motsi tana rabawa. "Saba'in da biyu a awa huɗu." Ta dafe hular kwanonta. "Sha takwas."

"Ba ƙari ba ragi," in ji shi.

Amma Injiniya ba ta yarda da magana sai ta gani, kuma wannan halin nata ya burge shi. Ta ce a tayar da inji. Lambar ƙarshe a agogon Gwaggo kowane minti shida ya kamata ta juya. Mai Gwaggo ya ɗora hannunsa kusa da gilashin, agogo biyu gefe da gefe, Injiniya da Sufana suka cusa kai ta ƙofa, sauran suka ɗare kan sarƙar ƙafafunta suna leƙe ta taga. Manyan mutane goma sha, masu iyali, suka yi tsit a cikin rana suna kallon lamba ɗaya. Ta juya, aka fara ƙirga. Minti shida ya cika, ba ta motsa ba. Bakwai, tana nan.

"Taho mana, Gwaggo, ana jiran ki," in ji wani direban tifa.

A minti na takwas ta mirgina a hankali, kamar mai tashi daga tabarma da ciwon gwiwa.

Ihun da aka yi har ofis an ji shi. Sufana ya rungume Mai Gwaggo ya ɗaga shi sama duk da gajartarsa, sai kuma ya sake shi ba zato ya dafe kai.

"Wayyo! Ai da agogon nan nake canza mata baƙin mai! Ashe duk juye sai na makara! Ku kawo mini jarkar baƙin mai da sabon matacin mai, yanzu-yanzu! Baiwar Allah, wata biyar tana aiki da tsohon mai ko ƙorafi ba ta yi ba."

Injiniya ta cire hular ta riƙe a hannu. "Baba, ka yafe mini. Na auna tanki, na auna tiyo, na auna har mutuncinka, ban auna abin da nake awon da shi ba."

"Ni da na shekara ashirin da biyu ina kallon sa fa? Bar maganar, 'yata."

"Gobe za a sa mata sabon agogo. Kai kuma daga yau motar ƙarfe huɗu za ka riƙa bi, ko da Gwaggo ta ce tsakar rana ce."

Ta miƙa masa wayarsa ta ce ya kira gida. Ya karɓa ya sa a aljihu. Irin wannan labari ba a ɓata shi a waya. Yana so ya ga fuskarta, kuma yana buƙatar lokaci ya tsara yadda zai ba da shi ba tare da ya fito fili ya ce ita ce mai gaskiya tun farko ba. Ya taya Sufana juye mai, suka wanke Gwaggo tas, ƙarfe huɗu ya shiga mota tare da kowa. Duk hanya yana maimaita labarin a ransa, yana gyara wurin da jirgi zai shigo.

Huɗu da rabi ya tsaya a ƙofar gidansa ya yi sallama da muryar da ya daɗe bai yi da ita ba. Shiru. Ya tura ƙofa, ya ji ta a kulle. Bai taɓa riƙe makullin gidan ba, don bai taɓa dawowa ya tarar ba kowa ba. Ya kira wayarta, sai ya ji tana ringi daga cikin ɗaki.

Maƙwabciyarsu ta leƙo, tana riƙe da kwanon wanke-wanke.

"Lah, Baban Auta! Kai ne da rana tsaka haka? Ai ba ta fi minti ashirin da fita ba. Wurin aikinku ta tafi."

"Wurin aikinmu? Yin me?"

"Tun safe ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ce ai sai shida kake tashi, gara ta je ta tsaya a bakin get. Wai ko me aka yanke, kada ka fito ka tarar ba naka a wurin."

Matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa taka wurin aikinsa ba, wadda hayaƙin mota yake sa ta ciwon kai, ita ce ta hau mota biyu don ta tsaya masa. Maƙwabciya ta ce ya shigo ya jira a wurin maigidanta, ya ce a'a, nan ma ya yi.

Ya zauna a kan dakalin ƙofa, fulas a gefensa. Bai san zaman jira yana da tsawo haka ba. Ya duba agogo, biyar saura. Ya kalli masu wucewa, ya amsa gaisuwa, ya cire takalmi ya mayar, ya sake dubawa, biyar da minti biyar. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ya miƙa wuya. Yunwa ta fara cin sa, ga ƙamshin abinci yana fitowa ta tagar kicin ɗinsa, yana ji yana raguwa.

Shida da rabi ya hango ta ta shigo layi, tana tafe da sauri, jakarta a hammata. Tun daga nesa ya gane ta ji komai, don bakinta ya ƙi rufuwa duk ƙoƙarin da take yi. Labarin da ya wuni yana tsarawa maigadi ya riga shi bayarwa.

Ta tsaya a gabansa tana haki. Idanunta sun yi ja, amma dariya ce a cikinsu.

"An ce ba kai ne ɓarawon ba, Gwaggo ce maƙaryaciya."

"Ba ƙarya ta yi ba. Agogonta ne ya gaji."

"Uhm. Kare ta dai." Ta goge ido da gefen mayafi. "Alhamdu lillahi, Baban Auta. Alhamdu lillahi."

Ta zaro makulli daga jaka, sai ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa, yana zaune a kan dakali da fulas kamar baƙon da ya ɓata hanya.

"Tun yaushe kake nan?"

Ya ɗaga hannu ya duba. "Awa biyu cif."

"Da daɗi?"

"Babu."

"To," ta ce, tana murɗa makulli, "yau ka yi ɗaya. Saura maka wata biyar ba kwana ɗaya."

Ya ɗauki fulas ɗinsa ya bi ta ciki yana dariya, ya wuce kicin kai tsaye, ya tambaye ta inda take ajiye ashana, don yau shi zai ɗumama abincin.